Ƙullin da Goggo ta bar mini

Da ƙarfe huɗu da minti ashirin na yammacin Laraba, bayan an idar da sallar la'asar, Allah ya karɓi ran Goggo, yayar mahaifina, a ɗakinta da ke Tanut. Na duba agogon hannuna, shi ya sa na san lokacin. Mu huɗu ne a wurin: ƴarta, wadda ke tallafe da kanta, matar liman, wadda ke laƙƙana mata kalmar shahada, ɗanta, da ya iso daga Belbeji kwana biyu kafin nan, sai ni. Ɗan nata yana tsaye a bakin ƙofa ta dama, ni ina ta hagu. Taubashina ne, tare muka girma, amma shekara goma sha ɗaya ke nan rabon da mu yi wa juna wasa. Da matar liman ta rufe wa Goggo ido, ya juyo ya ce mini, "Sai haƙuri, Malam Akawu." Na ce masa, "Sai haƙuri." Iyakar maganarmu ke nan a ranar.

An kai ta makwancinta kafin magariba. Washegari masu gaisuwa suka fara zuwa, kuma na lura iri uku ne. Na farko mata masu saƙar tabarma, abokan sana'arta. Suka zauna a tsakar gida suna cewa daga yau babu mai rufe bakin tabarma kamar ita, ka shekara biyar kana kwana a kai ba ta warware ba. Na biyu dangi daga Gangara da Belbeji. Na uku su ne suka ɗaure wa liman kai. Manyan maza ne da gemunsu: wani jandarma cikin kakinsa, wani mushe, wato malami, mai koyarwa a lakwal, makarantar boko, wani direban kamiyo, babbar motar kaya, da ya taso tun daga Damagaram. Kowanne in ya gama addu'a sai ya matsa kusa da ƴar Goggo ya rage murya ya ce, "Kayena yana nan kuwa?" Littafin rubutunsa yake nufi. Jandarman ya yi kuka har hularsa ta faɗi.

Liman ya ja ni gefe ya ce, "Akawu, wannan baiwar Allah ba ta taɓa riƙe alƙalami ba. Me ya haɗa ta da ƴan lakwal da littattafansu?" Wannan takarda ita ce amsar, kuma zan bi ta daki-daki.

Bayan babban farin da ya cinye dabbobin Damargu, akwai wani wasan kwaikwayo da ake sawa a radiyo kowace Juma'a da yamma. Labarin wani madugu ne da ke jan ayarin gishiri. Radiyon marigayi mijin Goggo ita kaɗai ce mai lafiya a layinmu, don haka a rumfarta muke taruwa, mu kawo pil, wato batir, ita ta kawo tabarma. Wata Juma'a aka bar ayarin a bakin rijiyar da ta ƙafe, salkunansu sun kusa ƙarewa. Mako ya zagayo, muka kunna, sai kiɗa. Wani makon ma kiɗa. Ba a ƙara sa wasan ba, ba a kuma faɗa mana dalili ba.

Mu kuwa mun yi lakwal kaɗan, mun kuma koyi rubuta Hausa a ajin yaƙi da jahilci. Sai kowa ya sayi kaye da bik na rubutu, ya ce shi zai fitar da Madugu daga bakin rijiyar nan. Cikin wata biyu an sami ƙarshen labari ya fi goma, kowa yana cewa nasa ne daidai. Goggo ce ta raba gardamar. Ta ce, "Ku zo ku karanta mini. Ni ma da kunnena na ji wasan, kuma ban fi ku mantuwa ba."

Ga yadda take aikinta. Za ka zauna gabanta ka karanta da ƙarfi. Ita tana saƙa, ba ta dubanka, ba ta katse ka. A gefen ƙafarta akwai sili guda na kaba da ta ware. In ta ji abin da bai zauna ba, sai ta ajiye saƙa, ta ɗauki silin, ta yi ƙulli, ta ci gaba. Idan ka gama, ta bi ƙulle-ƙullen da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta faɗa maka na mene ne kowanne, ba ta taɓa rikita su ba. Sai ta sa silin cikin kayenka, ta jefa a adakarta. Ba za ka karɓi kayen ba sai ka dawo ka faɗi gyaran da baki, ka kwance ƙullin da hannunka. Ita ba ta kwance wa kowa.

Wanda ya zama jandarma shi ya fara. A kayensa, ƴan fashi arba'in suka auka wa ayari, Madugu ya zare takobi ya gama da su shi kaɗai, yana kirari. Goggo ta taɓa ƙulli ta ce, "Wane Madugu ne wannan?"

Ya ce, "Na radiyo mana, Goggo."

Ta ce, "A'a. Na radiyo na san shi. Shi ne ya tsayar da ayari kwana biyu yana lallashin raƙumi mara lafiya, kuma bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Ka ari mutum, ka maido mana da wani. In jarumi kake so, haifi naka, ka raɗa masa suna, ka ciyar da shi. Wannan yana da halinsa tun kafin ka sayi bik."

Mushe kuma, a lokacin sabon malami ne, ya sa wani saurayi mai gilashi ya ɓullo a tsakiyar rairayi da taswira a hannu. Saurayin ya nuna wa Madugu hanya, ya warkar da marasa lafiya, ya yi Faransanci, kowa ya ƙaunace shi. Goggo ta ce, "Mushe, yaron nan mai gilashi, tsawonsa zai kai naka?" Rumfa ta fashe da dariya. Ta jira aka lafa, ta ce, "Ban hana ka shiga ba. Amma in za ka shiga ayari, ka shiga da ƙishirwarka kamar kowa. Kuma ka yi kuskure ko sau ɗaya, don mu yarda mutum ne."

Direba shi ya kai ayarin ƙasar gishiri a wuni guda, ya kuma maido da wani tsoho da ya rasu tun farkon wasan, ba tare da ya ce uffan kan yadda aka yi ba. Ta tambaye shi ko a kamiyo ya zuba raƙuman, ta kuma ce ya gaida tsohon, ya tambaye shi labarin lahira.

Ƙanwata ita ce mace tilo da ke kawo kaye. Ta aurar wa Madugu wata yarinya, ta cika shafi uku da bayanin zane da awarwaro da lalle. Goggo ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Biki ya yi kyau. To wa ya shayar da raƙuman? Tun ɗazu suna tsaye a bakin busasshiyar rijiya, ku kuna guɗa." Wannan tambaya ta bi unguwa. Har yau a layinmu, in mutum ya yi dogon bayani ya bar abin da ake jira, za ka ji an ce masa, "Wa ya shayar da raƙuman?"

Kada a ɗauka tsawa kaɗai ta iya. Ƙanwata ta koma sau uku tana kwasar ƙulli. A karo na huɗu ta zo da shafi biyu rak: wata tsohuwa cikin ayarin tana raba ruwan ƙarshe da ludayi, ta ba kowa, ta ce ita ta riga ta sha, alhali ba ta sha ba. Ina wurin. Goggo ta daina saƙa, ba ta taɓa sili ba. Da aka gama ta ce, "Sake karanta mini." Bayan kwana huɗu ta aika wa ƙanwata da tabarmar da take saƙawa a ranar. Tabarmar tana nan a ɗakin ƙanwata, ba ta bari a taka ta da takalmi.

Yanzu na zo kan nawa. Na daɗe ina kewaye shi, amma jeri ya kawo ni.

Ni ajin CM2, na ƙarshen firamare, na tsaya, na sami aikin ajiyar takardu a biron komandan, wato ofishin mai mulkin yankinmu, kuma ina son tsari. Na ga kurakuran kowa, na ce ni ba za a kama ni ba. Na raba labarina babi-babi, na sa lamba. Na ƙirga kwanakin tafiya. Na shayar da raƙuma a kan lokaci. Na bar Madugu da halinsa. Abin da ya rage shi ne dalilin da ya sa ayari ya faɗa wannan hali, sai na ƙirƙiro wani jagaba maci amana, wanda ya san wata rijiya mai ruwa ya ɓoye ta, don ayari ya hallaka ya kwashe dabbobin. Da na zo siffanta shi, ban wahalar da kaina ba. Na ba shi ɗingishi, na ba shi tabo a gira, na ba shi jan raƙumi mai yankakken kunne, na sa yana cewa "to, madalla da ku" a ƙarshen kowace magana. Duk wanda ya san taubashina ya san waɗannan huɗun nasa ne.

Na yi wani abu kuma da dokar rumfa ta hana. Don na tabbata aikina ba shi da aibi, na ba mutum biyu suka kwafa kafin Goggo ta ji.

Ranar karatu, da na iso kan jagaba, samari suka yi ta dariya suna bugun cinya. Na ji daɗi. Na saci kallon Goggo, na ga ta yi ƙulli, ta sake ɗaure wani a kansa, ta ja da haƙori. Da na gama, silina yana da ƙulli bakwai. Shida ƙanana ne. Ta ce duk mutanena magana ɗaya suke yi, kamar masu karanta takardar biro, har da yaro mai jan akala. Ta ce kowane babi da fitowar rana nake buɗe shi. Ta ce na bayyana abin da mai sauraro ya riga ya gane. Haka dai har shida. Da yatsanta ya kai kan na bakwai, ta sallami kowa, ta ce ni in tsaya.

Ta ce, "Wane ne jagaban nan?"

Na ce, "Ban sa masa suna ba, Goggo."

"Ban tambaye ka suna ba. Ni na haife shi, na san tafiyarsa."

Na yi dariya na ce, "Haba Goggo, taubashina ne fa. Wasa ne. Ranar kasuwa ma gaban mutane ya kira ni Kan Tulu, ya ce in aka kife ni za a sami ruwan alwala."

Ta ce, "Da ya faɗa, kana ina?"

"Ina wurin."

"Ka rama?"

"Na rama, har na fi shi."

"To yau shi yana ina? Wasan taubashi ido da ido ake yin sa, a faɗa maka ka rama, a yi dariya, iska ta kwashe. Wannan da ka sa a takarda zai je inda ba ka nan, ba ya nan, a hannun wanda bai san ku taubasai ba ne. Takarda ba ta da taubashi, ɗan ƙanena. Wa ka ba ya kwafa?"

Na faɗa mata. Sannan ta yanke hukunci: in ɗauki kayen in tafi rijiyar Belbeji da safe, lokacin shayarwa, in karanta babin gaban ɗanta da mutanen da ke wurin, in ce ƙarya na shirya, in tsaya ya rama. Sai na yi haka zan kwance na bakwai.

Shida na kwance su cikin mako guda. Na bakwai na ƙi. Na ce ni ma'aikaci ne, ba zan je in tsaya cikin kashin shanu ana yi mini dariya ba a kan labarin da ba suna a ciki.

Ga abin da ya biyo baya. Taubashina kiwon amana yake yi. Bayan fari, wanda ya tsira da tunkiya uku ko saniya ɗaya shi yake danƙa wa, ya kai su arewa da damina, ya maido su da ƴaƴansu. Sunansa shi ne jarinsa, ba shi da wani. Kwafin nan biyu suka haifi wasu, suka shiga Gangara, suka shiga Belbeji, ana karanta wa waɗanda ba su san wasan radiyo ba balle su san ƙage ne. Aka fara nuna shi a kasuwa ana cewa ga mai ɓoye rijiya. Wasu da wasa suke faɗa, wasu ba da wasa ba. A daminar nan gida uku suka janye dabbobinsu daga hannunsa.

Bai zo ya yi faɗa ba. Da ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ranar Sallah ya shigo gidanmu, ya cire takalmi, ya russuna ya ce, "Ranka ya daɗe, Malam Akawu, an yi Sallah lafiya?" Mutumin da tun muna yara bai taɓa kirana da abin kirki ba. Daga ranar bai ƙara ce mini Kan Tulu ba.

Goggo ba ta kai ƙarata wurin mahaifina ba, ba ta kuma yanke mini tuwo ba. Abin da ta yi shi ne, ranar kasuwar Belbeji ta sa aka ɗora awakinta biyar a mota, ta bi su da tsufanta, ta tsaya a tsakiyar kasuwar dabbobi ta miƙa wa ɗanta igiya, ta ce da ƙarfi, "Ga amanata, ka kai su inda ka san akwai ruwa." Wannan ya rage maganar, bai kashe ta ba. Ni kuma duk Sallah in na je gaishe ta, za ta sa mini albarka, ta tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya, in na tashi ta ce, "Akwai ajiyarka a adaka." In ce, "Na sani, Goggo." Sau ashirin da biyu muka yi wannan, Sallah ƙarama da babba. Ban ƙara rubuta labari ba.

Ranar sadakar uku ƴarta ta buɗe adaka. Kaye tara ne a ciki, kowanne da silinsa. Jandarma ya karɓi nasa, ya shafa ƙullin, ya faɗi na mene ne ba tare da ya buɗe shafi ba. Nawa yana can ƙasa. Da ta miƙo mini, ƴar Goggo ta ce, "Ta bar maka saƙo. Ta ce in ka tambaya ko ta yafe, a ce maka haƙƙin ba nata ba ne balle ta yafe."

Washegarin sadakar bakwai na shiga kamiyo zuwa Belbeji. Na isa rijiya da hantsi. Akwai Fulani da shanunsu, akwai Buzaye da raƙuma, akwai manoman garin da jakuna, ana jan wasaki, gugan fata, ana zubawa a kwamin shayarwa. Taubashina yana riƙe da igiya. Ya gan ni da kaye, ya ce, "Ranka ya daɗe, lafiya?"

Na ce, "Na zo karatu." Na ɗaga murya na ce wa mutane, "Shekara goma sha ɗaya da suka wuce na shirya ƙarya na sa wa mutumin nan kamanninta. Bai taɓa ɓoye rijiya ba. Ni na ƙaga, a zaune a Tanut, ban taɓa bin ayari ko na wuni ɗaya ba. Ku ji abin da na rubuta." Wani ya fassara wa waɗanda ba su ji sosai ba. Na buɗe babi na biyar na fara. 

Ba wanda ya yi dariya. Na kai inda jagaba ke jan ƙafarsa ta hagu ya wuce rijiyar ɓoye, sai taubashina ya saki igiya.

Ya ce, "Tsaya. Wace ƙafa?"

Na ce, "Ta hagu."

Ya ɗage wando ya nuna wa jama'a ta dama. Ya ce, "Ku gani fa. Tare muka girma, yana wurin raƙumi ya harbe ni. Kai Kan Tulu, ashe ko sharri ba ka iya ba? Kuma jagaban nan naka da ya ɓoye rijiya kwana shida, shi me yake sha? Jan raƙumin nasa fa, wa ya shayar da shi?"

Nan rijiya ta ɗauki dariya, har waɗanda sai da aka fassara musu. Ya ci gaba, bai rage mini komai ba. Ya ce kaina ya ƙara girma, biro ce kawai ke da ƙofar da zai shiga. Ya ce tunda na ce na iya shayar da raƙuma a takarda, ga igiya. Na tuɓe riga na ja wasaki goma sha huɗu, tafin hannuna ya sale, ana yi mini kirari. Wani dattijo da ke zaune a gefe bai yi dariya ba. Ya taso ya kama hannun taubashina ya ce, "Ni ina cikin waɗanda suka janye tumaki a shekarar nan. Ɗana ne ya karanta mini." Taubashina ya ce, "Ya wuce, Baba." Ya wuce a bakinsa. Daminar da ya rasa ba ta dawowa, wannan na sani.

Na fito da silin don in kwance ƙullin, na tarar ya bushe ƙamas, in na matsa zai karye. Taubashina ya karɓa, ya tsoma shi a kwami, ya riƙe har ya yi laushi, yadda uwarsa ke jiƙa kaba kafin saƙa. Ya miƙo mini ya ce, "Kwance da kanka, ni ba na kwance wa kowa." Na kwance. Sau biyu ta ɗaure shi, kamar yadda na gani a ranar.

Liman, wannan ita ce matar da ka yi wa salla. Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta, ya sa tana cikin waɗanda aka karɓi aikinsu.

Saura abu ɗaya, kuma da kai nake, mai karatu. Na san kwafi biyar na kayen nan, biyu kawai na samo. Yana farawa da "Babi na ɗaya: rijiya ta ƙafe." Idan yana gidanku, a Tanut ko Gangara ko Belbeji ko Damagaram, cikin adaka ko ƙarƙashin katifa, kada ka ƙone shi a ɓoye, don wanda ya ji ya riga ya ji. Ka ɗinke wannan takarda a bayansa da zare. Ka nemi wanda aka taɓa karanta wa, ka karanta masa wannan da ƙarfi, ka faɗa masa jagaban ƙarya ne, kuma ni na yi ta. In ka gama, ka yi wa Goggo Fatiha.